Charles de Foucauld: Hafsan Faransa da ya bar dukiya ya shiga halwa, ya ƙare rayuwarsa cikin Abzinawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya wuce Asamaka ya shiga Aljeriya, ya san Tamanrasat. A yau babban birni ne da ƴan Nijar ke zuwa fatauci da neman aiki. A shekara ta 1905 kuwa ƙauye ne da bai wuce gida ashirin ba, kuma a shekarar ce wani ramammen Bafaranshe mai farar riga, da alamar jar zuciya da gicciye a ƙirjinsa, ya sauka can ya gina ɗan ɗaki ya zauna. Sunansa Charles de Foucauld, ana karanta shi Sharl da Fuko. Ya shekara 11 a wurin, aka kashe shi ranar 1 ga watan Disamba 1916, kwanaki kaɗan kafin Kawusan ya yi wa barikin Agadas ƙawanya.

Cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a shekara ta 2022. Masana harsuna na girmama shi saboda ƙamus ɗin Tamashek da ya rubuta. Akwai kuma masu ganin cewa bai taɓa tuɓe rigar sojan mulkin mallaka daga zuciyarsa ba. Mai son ya gane yadda mutum ɗaya ya tara waɗannan sunaye uku, sai ya bi ta wani gidan zuhudu da ke kan duwatsun kudancin Faransa, inda rayuwarsa ta juya har sau biyu.

Maraya mai dukiya

An haife shi ranar 15 ga watan Satumba 1858 a birnin Strasbourg, cikin gidan sarauta na da can. Bai cika shekara shida ba uwa da uba suka rasu a shekara ɗaya, 1864, suka bar shi da ƙanwarsa Marie. Kakansu na wajen uwa, Kanal de Morlet, shi ya riƙe su, kuma riƙo ne na shagwaɓa. Da yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya ci yankinsu, iyalin suka koma birnin Nancy don su ci gaba da zama Faransawa.

Yaron na da ƙwaƙwalwa da son karatu, amma tun yana ɗan shekara 15 ko 16 ya daina yarda da addini gaba ɗaya. A 1876 ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr. Bayan shekara biyu kakansa ya rasu ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya buɗe hannu: liyafa, caca, tufafi masu tsada, ci da sha har ƙiba ta zame masa laƙabi a bakin abokansa. Da ya gama makarantar sojan doki ta Saumur a 1879, shi ne na 87 cikin ɗalibai 87.

A ƙarshen 1880 aka tura rundunarsu Sétif ta Aljeriya. Ya tafi da wata mace da ba aure tsakaninsu, manyansa suka umurce shi da ya sallame ta, ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki a watan Maris 1881. Bai daɗe da komawa Turai ba ya ji labarin rundunarsa ta shiga fagen daga, sai ya roƙi a maida shi. Aka tura shi kudancin Oran, inda Faransawa ke yaƙi da Shehu Bouamama. A nan abokansa suka ga wani mutum dabam, mai jure ƙishirwa da tafiya, mai kula da sojojin da ke ƙarƙashinsa. A nan kuma ya haɗu da wani hafsa mai suna Henri Laperrine, wanda daga baya zai buɗe masa hanyar Sahara. Da yaƙin ya lafa, zaman bariki ya ishe shi, ya ajiye kaki a farkon 1882.

Wata 11 a Maroko da shigar burtu

A wancan zamani Turawa ba su san cikin ƙasar Maroko ba sai bakin teku, kuma Kirista da ya kutsa ba da izini ba yana iya rasa ransa. Foucauld ya zauna birnin Alje fiye da shekara yana koyon Larabci da Ibrananci da aikin awon ƙasa. Daga nan ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki sunan aro, ya yi hayar jagora, wani malamin Yahudawa na gaske mai suna Mardochée Aby Serour, wanda ya taɓa zaman fatauci a Tumbutu.

Daga watan Yuni 1883 zuwa watan Mayu 1884 suka yi tafiyar kusan kilomita 3,000. Yana ɓoye ɗan mitsitsin littafi a tafin hannu yana rubuta tsayin duwatsu da sunayen koguna da ƙauyuka, da dare ya kwafe a ɓoye. Wasu Musulmi sun gane shi Nasara ne, amma suka rufa masa asiri, har wani attajiri na garin Tisint mai suna Hadj Bou Rhim ya yi masa rakiya ya tsare ransa. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885, littafin tafiyar kuma ya fito a 1888. Taswirorin da ya zana sun yi wa sojan Faransa amfani lokacin da suka zo mamaye Maroko daga baya.

Abin da ya fi tsaya masa a rai a wannan tafiya ba duwatsu ba ne. Ya ga mutane suna ajiye duk abin da suke yi sau biyar a rana su fuskanci alƙibla, talakansu da mai kuɗinsu, cikin rairayi ko kan dutse. Daga baya shi da kansa ya shaida wa abokansa cewa ganin imanin Musulmi ne ya fara girgiza shi, ya sa ya soma zargin akwai abin da ya fi harkokin duniya girma.

Tuba da halwa huɗu

Da ya koma Paris ya zauna kusa da danginsa, musamman ƴar gwaggonsa Marie de Bondy, mace mai ibada wadda ba ta taɓa matsa masa da wa'azi ba. A ƙarshen watan Oktoba 1886 ya shiga cocin Saint-Augustin wajen wani limami mai suna Henri Huvelin, da nufin neman darasi a kan addini. Limamin bai ja muhawara da shi ba, ya ce ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya yi hakan, kuma tun daga ranar ya ƙudura cewa ba zai rayu don kowa ba sai don Allah. Yana da shekara 28.

Huvelin bai bar shi ya yi gaggawa ba. Ya sa shi jira shekara uku, ya tura shi ziyarar Ƙudus da Baitalami da Nazarat a ƙarshen 1888. A Nazarat ne tunanin da zai bi shi har kabari ya kama shi: cewa Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya yi shekaru masu yawa a ƙauye yana aikin hannu cikin talauci ba wanda ya san da shi, kuma irin wannan ɓoyayyar rayuwa ce shi ma yake so.

Sauran tambaya ita ce a wane gida. A nan ne halwa ta shigo. A wajen Katolika, halwa ita ce mutum ya bar gidansa da aikinsa ya tafi gidan zuhudu ya yi kwana uku, ko takwas, ko ma talatin. Ana ba shi ɗaki a masaukin baƙi, ya riƙe bakinsa daga hira, ya bi masu zuhudu zuwa addu'o'insu na dare da rana, ya karanta Linjila, ya riƙa ganawa da wani dattijo mai ba da shawara. Ba a shiga don hutu kawai. Galibi mutum na shiga da wata tambaya mai nauyi, ta aure ko ta aiki ko ta tuba, yana fatan ya fito da amsa. Masu karatu da suka san halwar malaman ɗariƙa, ko i'itikafin goman ƙarshe na azumi, ba za su ga abin baƙo ba, ko da yake aƙida da tsarin sun bambanta.

A shekara ta 1889 Foucauld ya yi halwa huɗu. Ya fara da gidan Solesmes, ya je babban gidan La Trappe da ke Soligny, a watan Oktoba ya hau dutse zuwa Notre-Dame des Neiges, sannan ya rufe da gidan ƴan ɗariƙar Jésuite da ke Clamart kusa da Paris. Su waɗannan suna bin tsarin da Ignace de Loyola ya shimfiɗa a ƙarni na 16, inda mai halwa ke zama ya auna dalilan kowane zaɓi a rubuce kafin ya yanke shawara. Da ya fito daga Clamart ya riga ya san inda za shi. Ya bar wa ƙanwarsa dukiyarsa, ya yi sallama da dangi ranar 15 ga watan Janairu 1890, washegari ya ƙwanƙwasa ƙofar Notre-Dame des Neiges.

Gidan da ke cikin dusar ƙanƙara

Sunan gidan laƙabi ne na Maryamu uwar Yesu, an jingina shi da dusar ƙanƙara, kuma wurin ya ci sunansa. Yana cikin jahar Ardèche, a tsayin kusan mita 1,100, inda sanyin hunturu ke daɗewa. Masu zuhudu daga gidan Aiguebelle ne suka kafa shi a 1850, ya zama cikakken gida mai shugabansa a 1874. Marubucin nan ɗan ƙasar Scotland, Robert Louis Stevenson, ya kwana a can a 1878 lokacin da yake yawo da jakarsa cikin duwatsun yankin.

Mazauna gidan na bin ƙa'idar da Waliyyi Benoît ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6, wadda ta raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta kuma wajabta karɓar baƙo da girmamawa. Wannan wajibci shi ne asalin masaukin masu halwa a irin waɗannan gidaje. Reshen La Trappe ya samo sunansa daga gyaran da wani shugaba mai suna Rancé ya yi a ƙarni na 17, kuma shi ya fi tsanani. A zamanin Foucauld ana tashi wajen ƙarfe biyu na dare, a taru don addu'a sau bakwai da rana bayan ta dare, ba a cin nama, ba a magana sai da alamar hannu, a kwana ɗaki ɗaya kan katifar ciyawa, a yi noma da kiwo da saran itace.

Aka ba shi sunan Marie-Albéric. Amma abin da ya ja shi wannan gida shi ne wani ƙaramin reshensa mai fama da talauci a Akbès, can ƙasar Sham ta Daular Usmaniyya, a yankin da yau ke cikin Turkiyya. An buɗe reshen ne a farkon shekarun 1880 don ya zama mafaka, lokacin da gwamnatin Faransa ke korar ƙungiyoyin addini. Bayan wata shida ya nemi a tura shi can, aka tura shi. Ya ɗauki alkawarin zuhudu ranar 2 ga watan Fabrairu 1892.

Ya shekara shida a Akbès, cikin bukkokin katako da ciyawa. Duk da haka bai natsu ba. Wata rana aka aike shi gaisuwar mutuwa gidan wani lebura, ya ga talaucin gidan ya fi na gidan zuhudu nesa ba kusa ba, abin ya dame shi ƙwarai. Yana can kuma aka yi kisan Armeniyawa na 1895 da 1896 a garuruwan da ke kewaye, yayin da sojojin gwamnati ke gadin gidan saboda mazaunansa Turawa ne, wanda hakan ya ƙara masa jin kunya. Ya fara rubuta ƙa'idar wata sabuwar ƙungiya ta mutane kaɗan da za su zauna cikin talakawa su ci da guminsu. Huvelin ya karanta ya gaya masa gaskiya cewa ba ɗan Adam da zai iya ɗaukar wannan tsanani.

Shugabanninsa suka gwada biyayyarsa, suka tura shi karatu Roma. Ya bi ba musu. A watan Janairu 1897 shugaban ɗariƙar ya sake shi ya bi kiran da yake ji. Ya tafi Nazarat cikin tsummoki, ya zama baran wasu mata masu zuhudu, yana shara da aike, yana kwana a rumfar katako a gefen lambu. A shekaru ukun da ya yi a can ya cika littattafai da tunanin da yake rubutawa lokacin halwa.

A 1900 ya yarda ya zama limami, kuma Notre-Dame des Neiges ya koma don shiri. Ya yi watanni a wani ɗan ɗaki kusa da wurin ibada, kuma a halwar da ya yi kafin naɗi ne ya canza niyya: maimakon komawa Nazarat, zai tafi inda babu limami ko ɗaya, wato Sahara. Aka naɗa shi a garin Viviers ranar 9 ga watan Yuni 1901, yana da shekara 42.

Béni Abbès da maganar bayi

Ranar 28 ga watan Oktoba 1901 ya isa Béni Abbès, wani dausayi na yammacin Aljeriya kusa da iyakar Maroko, inda Faransa ta kafa bariki. Sojoji suka taya shi gina ɗakin ibada da ƴan ɗakunan laka. Ya tsara gidan kamar zawiyya, ƙofa a buɗe ga kowa. Matafiya, marasa lafiya, sojoji, mabarata da bayi suka riƙa tururuwa, wata rana har kusan mutum ɗari. Burinsa shi ne Musulmi da Bayahude da Kirista duk su ɗauke shi ɗan'uwansu.

Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Faransa ta haramta bauta tun 1848, amma a dausayoyin Sahara hafsoshinta sun kauda kai don kada su ɓata da masu ƙasa, har ana maida bawan da ya gudu wajen ubangijinsa. Da yawa daga waɗannan bayi daga ƙasashen kudu da hamada aka kawo su ko aka kawo iyayensu. Foucauld ya rubuta wasiƙu masu zafi zuwa ga Dom Martin, shugaban Notre-Dame des Neiges, da kuma Charles Guérin, shugaban Katolika na Sahara, yana neman a kai maganar majalisar Faransa. Aka ce ya bi a hankali. Da kuɗin da dangi ke aiko masa ya fanshi mutum kaɗan, cikinsu da wani saurayi Paul Embarek, wanda ya bi shi har Tamanrasat. Ya tanadi ɗakuna don abokan zuhudu da yake sa rai za su zo, amma ba wanda ya zo ya zauna.

Tamanrasat da ƙamus ɗin Tamashek

A watan Mayu 1902 sojan raƙuma na Faransa suka ci Abzinawan Ahaggar a yaƙin Tit, kuma a 1904 Musa ag Amastan, wanda ya zama amanokal ɗinsu, ya yi sulhu da Faransawa. Laperrine, wanda a lokacin shi ne kumandan yankin, ya gayyaci tsohon abokinsa rangadi. Da izinin Musa ne Foucauld ya sauka Tamanrasat a watan Agusta 1905. Ya gina dogon ɗaki matsattse na dutse da laka, rabi wurin ibada, rabi wurin aiki. Yana raba magani da allura da hatsi, yana koya wa mata saƙa, mutane kuma suka riƙa kiransa marabu, wato malami.

Ya fahimci cewa ba zai zama ɗan gari ba sai ya ji harshen gari. Da taimakon Ba Hammou, magatakardan Musa, ya shiga aikin da ya cinye sauran rayuwarsa, sau da yawa fiye da awa goma a rana. A 1907 ya bi zangunan makiyaya yana rubuta waƙoƙi daga bakin maza da mata, yana biyan ɗan kuɗi a kan kowane baiti. Ya tara baiti wajen 6,000, cikinsu da na shahararriyar mawaƙiya Dassine, ya fassara su, ya bayyana wanda ya yi kowace waƙa da dalilinta. Ƙamus ɗinsa na Tamahak da Faransanci, wato karin harshen Ahaggar, ya haura shafi 2,000, da rubutun tifinagh da zanen kayan raƙumi, tanti, takobi da rijiya. Gwamnatin Faransa ta buga shi juzu'i huɗu a 1951 da 1952, da rubutun hannunsa yadda yake. Bai so sunansa ya fito ba, har aikin farko ya sa aka buga shi da sunan abokinsa Motylinski da ya rasu a 1907. Har yau masu nazarin Tamajak na Abzin da Azawak na komawa ga wannan ƙamus.

Fari ya afka wa Ahaggar a 1907. Ya rabar da abincin da ya tanada, ga aiki ba hutu, sai ciwo ya kwantar da shi a farkon 1908 har ya sallama da rayuwa. Abzinawan da yunwa ke ci su ne suka bi ƙasa suna neman awakin da ke da sauran nono, suka kawo masa har ya tashi. Marubuta tarihinsa na ɗaukar wannan a matsayin wata juyawa: wanda ya zo don ya bayar ya koyi karɓa daga hannun maƙwabtansa.

Bai bar al'adar halwa ba. Kowace shekara yana keɓe kwanaki ya rubuta abin da ya ƙudura, kuma a 1910 ya sa aka gina masa ɗaki a kan dutsen Assekrem mai tsayin fiye da mita 2,700, inda ya yi watanni biyar a 1911. A duk zamansa na Ahaggar ba Ba'abzine ko ɗaya da ya bar Musulunci ta hannunsa, shi ma bai yi wa'azi a fili ba. Ra'ayinsa shi ne halin kirki da abota su riga magana.

Ranar Juma'ar ƙarshe

Yaƙin Duniya na Farko ya iso Sahara ta gabas. Ƴan Sanusiyya sun kori Italiyawa daga kudancin Libiya, kuma a watan Maris 1916 suka karɓe Djanet daga hannun Faransa. Foucauld ya ƙi barin Tamanrasat. Ya gina ƙaramar ganuwa ta laka mai rijiya a ciki don mutanen ƙauye su fake in an kawo hari, aka ajiye hatsi da wasu bindigogi, ya koma ciki da zama. Ranar 28 ga watan Nuwamba ya kammala aikin waƙoƙin.

Da magaribar Juma'a 1 ga watan Disamba, wani mutum da ya sani mai suna El Madani ya kira shi da sunan an kawo wasiƙu. Yana buɗe ƙofa aka fizgo shi waje, aka ɗaure masa hannu ta baya, aka bar wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Sermi ag Thora yana gadinsa, sauran mahara suka shiga kwasar kaya. Mafi yawan masana tarihi na ganin niyyarsu ita ce su tafi da shi garkuwa. Sai ga sojan raƙuma biyu sun ɓullo, aka fara harbi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Ya mutu nan take yana da shekara 58. Paul Embarek na wurin, shi ya kai labari bariki. Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwarsa wasiƙar ta'aziyya.

Wannan kisa ɓangare ne na guguwar da ta taso a duk faɗin hamada. A tsakiyar watan Disamba Kawusan, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Agadas ƙawanya, har sai da rundunar da ta taso daga Damagaram ta iso a farkon watan Maris 1917. Ramuwar da Faransawa suka yi ta yi muni: an kashe mutane da dama har da malamai, Abzin ta kusa zama kango. Mutuwar Bature ɗaya ta cika littattafai a Turai, waɗannan kuwa ba a cika ambaton su ba.

Abin da ya bari

Lokacin da ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya, sai wata ƙungiyar addu'a mai mutum 49. Littafin da René Bazin ya rubuta a kansa a 1921 shi ya bazu da sunansa. A 1929 aka maida gawarsa El Goléa. A 1933 René Voillaume ya kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a Aljeriya, a 1939 kuma Magdeleine Hutin ta kafa ta mata. Mabiyansu na zama cikin unguwannin talakawa da rugagen makiyaya suna aikin hannu, a ƙasashe da yawa ciki har da Nijar. Fafaroma Benoît na 16 ya sa shi cikin masu albarka ranar 13 ga watan Nuwamba 2005, Fafaroma François kuma ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga watan Mayu 2022.

Muhawara a kansa ba ta mutu ba. Wasiƙunsa sun nuna ya yarda da mulkin Faransa a Sahara, yana ba hafsoshi labarin abin da ke gudana da shawarar yadda za a tafiyar da ƙasar, kuma a lokacin yaƙi ya nemi a murƙushe masu tawaye. Fatansa na nesa shi ne wata rana mutanen yankin su zama Kiristoci kuma Faransawa. Waɗannan wasiƙun dai su ne ke ɗauke da sukar zaluncin sojoji, da ƙwace, da bauta, da gargaɗin cewa mulkin da bai yi adalci ba zai ƙare da kora. Masanin Aljeriya Ali Merad, wanda Musulmi ne, ya rubuta littafi a kansa a 1975 yana yaba zuhudunsa ba tare da ɓoye wannan ɓangare ba. Abzinawa da dama kuwa na riƙe da abu biyu a lokaci guda: ya zo a inuwar bindigar da ta ci kakanninsu, kuma ta hannunsa ne waƙoƙin kakannin suka tsira a rubuce.

Shi ma gidan Notre-Dame des Neiges ya ga sauyin zamani. Gobara ta cinye shi a 1912 aka sake gina shi. A 1942 ya ɓoye Robert Schuman daga ƴan Nazi, mutumin da daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin Tarayyar Turai. Da tsufa da rashin sabbin shiga suka rage yawan mazaunansa, mazan ƙarshe suka bar gidan a 2022, shekarar da aka ayyana tsohon ɗalibinsu waliyyi. Kafin shekarar ta ƙare, mata masu zuhudu daga gidan Boulaur suka karɓe shi. Suna ci gaba da addu'o'in dare da rana, masaukin baƙi kuma na karɓar masu tafiyar ƙasa da ke bin sawun Stevenson, da masu zuwa halwa na kwanaki da tambayoyinsu.